Kaset ɗin Mai Takobi

Duk wanda ya san Munzali a unguwar Shumaisi ta birnin Riyad, in ka ce masa mutumin nan yana jin kiɗan Turawa, cewa zai yi a kai ka a duba ka. Munzali fa! Mutumin da sahun gaba ba ya wuce shi, furfura ta fara cin gemunsa, magana ma sai ka matso kusa kafin ka ji abin da ya ce. Amma wallahi yana ji. Kuma ba mai sanyin nan ba, irin wanda ganguna ke sukuwa ba tsayawa, jita na kuka, wani ƙato yana ƙwala murya sama har ka rantse mace ce. Kaset ɗaya ne tak, shi yake ta juyawa shekara da shekaru.

Tsintarsa ya yi. Lokacin yana saurayi a Jibiya, aikinsa ɗauko motocin Beljiyam daga Kwatano, ya biyo da su ta Doso da Maraɗi ya shigo gida. Wata rana ya buɗe aljihun wata tsohuwar mota yana neman tsumma, sai ga kaset cikin gidansa. A jikin takardar an zana wani mutum a kan dutsen ƙanƙara ya ɗaga takobi, ga rubutu mai ƙayoyi wanda ko ɗan boko ba zai karanta ba. Ya saka don ya kori barci. Ai kuwa barci ya gudu! Ko kalma ɗaya bai gane ba, amma akwai wani abu a cikin waƙoƙin da ya kama shi: ana ta gudu ana ta hayaniya, amma mawaƙin kamar yana kiran wani ne da ya yi nisa. Shi da ƙanensa Tamimu suka laƙaba wa kaset ɗin suna Mai Takobi.

Da bizar direba ta fito masa zuwa Riyad, a gida ya bar shi, a kan rediyo. Wa zai shiga ƙasa mai tsarki da wannan abu a jaka?

To, Munzali ɗan fari ne, kuma Inna Rabi, mahaifiyarsa, ta mutanen da ce ta gaske. Ana yaye shi aka kai shi wurin kaka. Da ya dawo gidan ubansa ya tarar da mace mai fara'a da kowa, ban da shi. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kowa ya sani, shi ma ya sani. In za ta ba shi tuwo, ƙanensa take miƙa wa ta ce, "Kai wa wancan." In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Sunansa kuwa, ko cikin mafarki bai taɓa jin sa a bakinta ba. Ranar da zai tafi ma ba ta leƙo zaure ba. Ƙuli-ƙuli da yaji ta ƙulle a leda ta aiko Tamimu da su.

Bayan ya yi 'yan shekaru a Riyad, a zamanin da waya ba ta kai Jibiya sosai ba, wani Alhaji Maikuɗi ya zo aikin Hajji da saƙo, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har ya iso Shumaisi. Munzali ya kwance ƙullin, sai ga mutumin dutsen ƙanƙara yana ɗaga masa takobi. Ashe da aka tashi ɗaukar saƙon murya, an duba gidan kaf ba a sami wani kaset ba, Tamimu ya toshe ramukan na sama da takarda ya danna jan maɓalli a kan Mai Takobi. Ka ji aikin Tamimu, ko mayar da shi farko bai yi ba.

Saboda haka waƙar farko tana nan lafiya lau. Ta biyu tana cikin tashi, ganguna sun ɗau zafi, sai ƙat! Sai tarin Inna.

"To, ya fara? Assalamu alaikum. A gaya wa na Makka muna lafiya."

Na Makka ke nan, shi da ke Riyad, tafiyar yini guda a mota tsakaninsa da Makka. Ta yi ta bayani kamar da wani take, ba da shi ba. A gaya masa akuya ta haifi biyu. A gaya masa katangar gabas ta faɗi da damina amma an tayar. A gaya masa ya riƙe salla, ya ji tsoron dukiyar mutane. A gaishe da maigidansa Balarabe. Can ta ce, "To, ya isa. Kashe abin nan."

Amma abin bai mutu ba. Ana jin kaji, ana jin luguden maƙwabta daga nesa. Shiru ya ɗan yi tsawo. Sai muryarta ta dawo, ƙasa-ƙasa, ba irin ta ɗazu ba:

"Allah sarki, Munzali. Ko yana cin abinci."

Ƙat! Jita ta ɓarke da kuka, mawaƙin ya ɗaga murya sama.

Ranar da ya fara jin wurin nan, a bakin titi ya tsayar da mota, ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka irin na yara, har da majina. Ya ɗauka kuskure ne, Tamimu ya yi nawar danna maɓalli, Allah ya ciyar da shi. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ko da waya ta zo, suna gaisawa da Inna, ta koma "kai" da "wancan" ɗinta, shi ma bai nuna ya ji komai ba. Da ta rasu bai sami zuwa ba, igamarsa, wato takardar zama, tana wurin sabuntawa, fasfo yana hannun kafil, wato maigidan da ya ɗauko shi aiki, kafin a buga masa bizar fita da dawowa an yi sadakar bakwai. Abin da ya rage masa na Inna a duniya shi ne wannan zaren.

Kuma ka san Riyad, ba garin da ake kiran sunan direba ba ne. Kafil ɗinsa, wani tsoho mai suna Abu Nasir da ke unguwar Badi'a, mutumin kirki ne, amma tun ranar farko ya gwada faɗin Munzali harshensa ya harɗe, ya ce, "Khalas, kai Muhammad ne." Jikokin gidan su ce sawwag, wato direba. A kanti a ce sadik, wato aboki. 'Yan'uwa Hausawa a ce Malam ko Alhaji. Sai mutum ya yi wata guda bai ji sunan da aka yanka masa rago ba.

Sau ɗaya abokin ɗakinsa Jibrin, ɗalibin jami'a mai karatun shari'a, ya buɗe ƙofar motar ba zato ya ci karo da gangunan. Ya ja da baya yana cewa, "A'uzu billahi! Malam, aljanu ne ke biki?" Munzali ya kashe da sauri ya ce rediyo ce ta kama wata tasha. Daga ranar, sai ya ɗaga gilashi ya duba hagu da dama kafin ya saka.

A shekarun nan Baba Abu Nasir ya kamu da ciwon ƙoda, ana kai shi wanki asibiti. Aikin Munzali ya koma jira. Ya ajiye tsohon a ƙofa, ya nemi inuwa ya faka tsohuwar motar, wadda ita kaɗai ta rage a gidan mai cin kaset, ya kunna sanyi, ya saka Mai Takobi. Waƙar farko yakan ji ta duka, don har ga Allah yana son ta, tana mayar da shi hanyar Doso da ƙuruciyarsa. Sannan Inna. In ta zo wurin sunan, sai ya mayar baya kaɗan ya sake ji. Ya mayar, ya sake. Maɓallin mayarwar har ya koɗe, zanen kibiyar ya goge.

Wata ranar Talata da azahar, rana tana dukan kwalta har iska na rawa, ya mayar kamar kullum. "Allah sarki, Mun…" Sai muryar ta yi kauri, ta ja kamar ta namiji, wani ƙurrr ya biyo baya, shiru.

"Inna lillahi!"

Ya danna maɓallin fitarwa. Kaset ya leƙo rabi ya tsaya, zare ya zubo ta gefe a cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Ya kai hannu zai ja, ya fasa. Duk sanyin motar nan, gumi ya jiƙa masa riga.

A hanyar komawa Badi'a tsohon ya lura. "Ya Muhammad, esh fik? Ba ka da lafiya?"

"Mafi shai, Baba. Lafiya lau."

Yana sauke shi ya nufi unguwar Utaiƙa. A bayan kasuwar kayan miya akwai wani ɗan shago da ake gyaran rediyon mota, na wani ɗan Filifin mai suna Rodel, wanda ke cusa dogon gashinsa cikin hula saboda 'yan hisba masu sa ido. Rodel ya kwance rediyon gaba ɗaya ya ɗora a tebur, ya zare murfin, ya yi tsaki da ya ga yadda zaren ya naɗe ƙarfe. Sai Munzali ya ajiye gidan kaset ɗin a gefe, don a san inda za a mayar da shi.

Kai, ka ga mutum ya tashi kamar an tsikare shi! Rodel ya ɗauki gidan kaset da hannu biyu, ya kai kusa da ido, ya dubi Munzali daga hula har takalmi, ya sake duban takardar.

"Sadik! Kai? Wannan naka ne?"

Ya faɗi sunan mawaƙan, wani abu da ya shiga kunnen Munzali kamar Aldaben. Ya shiga zuba da guntun Larabcin nan na 'yan ci-rani, yana haɗawa da hannu. Wannan shi ne faifansu na farko, in ji shi, tun ba wanda ya san su. Wasu samari ne a wata ƙasa mai sanyi, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suka ɗauka, shi ya sa gangunan ke ƙara kamar ana dukan garwa. Mai muryar nan kuwa wannan kaɗai ya yi da su, ya koma kamun kifi da ubansa. Daga baya sun yi suna, sun cika filaye, sun sami wani mawaƙin, amma a wurin Rodel ba su sake yin kamar wannan ba. Ya daɗe yana jin labarin an buga shi a kaset, bai taɓa riƙewa a hannu ba sai yau, a Riyad, a hannun wani dattijo mai carbi.

Munzali ya ji daɗi, ba ƙarya. Shekara nawa yana ɗauke da mutanen nan bai san ko su waye ba.

"Zan gyara," in ji Rodel. "In juye maka a memori kuma, ka sa a waya. Music kake so, sah?"

Nan ne fa. A shagon akwai wasu samarin Larabawa biyu suna jiran a ɗaura musu lasifika, ga wani Basudane a bakin ƙofa, duk sun zuba masa ido suna murmushi. Munzali ya buɗe baki. To me zai ce? Ya ce shi, da gemunsa da furfurarsa, abin da yake so shi ne wurin da uwarsa ta faɗi sunansa? Da wane Larabcin? Kuma ko da Hausa ne, wannan magana ce da ake faɗa a kasuwa? Ɗan Inna Rabi ne fa. Kunyar da ta hana ta, ita ta hana shi.

"Aiwa," ya ce. "Music." Ya ɗan tsaya. "Fi kalam shuwayya. Akwai 'yar magana a ciki."

"Mafi mushkila. Bukra, bayan la'asar."

Washegari ya iso tun ba a buɗe shaguna daga salla ba. Rodel ya zo yana washe baki, idonsa ja alamar ya sha aiki. Ya fito da kaset, zare ya koma ciki tsaf. Ya nuna ƙaramin memori a tafin hannu: duk abin da ke kaset ɗin yana ciki, ya kuma nemo masa cikakken faifan mai tsabta, kyauta, har da waƙoƙin da maganar ta danne.

"Saka," in ji Munzali. "Kai shi wurin maganar. Ƙarshenta."

Rodel ya saka a wata rediyo da ke kan tebur. Muryar Inna ta cika shagon, tana gaishe da Balarabe. Munzali ya dafa tebur.

"To, ya isa. Kashe abin nan."

Ƙat! Jita ta ɓarke.

"Mayar."

Aka mayar. Kashe abin nan. Ƙat. Jita.

"Ina sauran?"

Rodel ya yi bayani yana alfahari. Inda rediyon ta tauna ya kama ƙarshen maganar da farkon kiɗan. Ɓangaren kiɗan, ai nan ne jitar da ta fi kowace a faifan, ya zauna ya miƙe shi da bayan cokali, a hankali a hankali, har ya ceto shi duka. Ɗaya ɓangaren kuwa ya riga ya siɗe kamar bawon albasa, kamar wurin da aka fi gurza. Ya ɗan saurara, ba komai a ciki, shiru ne da kaji, sai wata tsohuwa ta yi gunaguni kaɗan. Bai fi taƙi ɗaya ba. Ya sa almakashi ya cire, ya haɗa bakin da salatif.

"Kalam kullu maujud," ya ce. "Maganar duk tana nan. Music ma duka."

"Guntun da ka yanke fa?"

Rodel ya nuna kwandon shara. Wayam. An juye da safe a babbar durom ta lungu. Munzali ya fita ya je ya leƙa, mutum da girmansa, ya kama bakin durom ɗin yana leƙe. Motar kwashe shara ta baladiyya ta riga ta wuce. Ba komai sai ruwan ruɓaɓɓen tumatir a ƙasa da ƙudaje.

Ya dawo shagon bai ɗaga murya ba. Wa zai yi wa faɗa? An tambaye shi, ya ce music. Ya karɓi kayansa ya ce shukran. Rodel ya daɗe yana kallon fuskarsa, murmushin ya bushe.

"Sadik… tsohuwar nan. Mama?"

Munzali ya gyaɗa kai.

"Maujud? Tana da rai?"

Ya girgiza kai. Rodel ya cire hularsa, gashin ya zubo, bai ma kula da wanda zai gani ba. Ya ce wani abu da yarensu, ya mayar da rediyon cikin mota.

Munzali bai koma Badi'a kai tsaye ba. Ya sami wani fili a gefen kasuwa ya tsaya, ya sa memorin a waya ya kunna cikakken faifan. Waƙa ta biyu ta zo inda tarin Inna yake shigowa, ya riƙe numfashi, waƙar ta wuce abinta. Ga waƙoƙin da bai ji ba tun hanyar Maraɗi, masu daɗi kuwa, ɗaya ma a hankali take, da wani abu kamar sarewa. Amma shi ba su yake ji ba. Nan akuya ta haihu. Nan katanga ta faɗi. Nan ya riƙe salla. Kewa ta taso masa, kewar Inna, da ta tsakar gidan da kajin, da ta saurayin da ke tuƙa motar da ba tasa ba yana ihu da Turancin da bai sani ba. Ya kashe.

Ya kira Tamimu. Suka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi zafi.

"Tamimu, ka tuna saƙon da kuka ɗauka a kan Mai Takobi?"

Tamimu ya yi dariya. "Yaya, har yanzu ba ka yafe min ba? Wallahi ba wani kaset a gidan."

"Ba shi ba ne. Ya lalace. An yanke ƙarshen. Akwai abin da ta ce bayan ta ce ka kashe. Kana wurin. Faɗa min yadda ta ce."

"Haba Yaya. Ni in kama sunanka gatsal? Bakina ba zai iya ba."

Ka ji gidan su Munzali. Kowa da tasa kunyar, an bar mutum da suna ba mai kira. Munzali ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ba komai, dama dai ya gode wa Allah da nawar hannun Tamimu, da ya kashe da wuri da shi ke nan.

Muryar Tamimu ta canza.

"Yaya, wace nawa? Ai na kai yatsa zan danna. Ita ta riƙe min hannu."

"Me ka ce?"

"Ta riƙe wuyan hannuna gam, tana kallon jar fitilar nan. Ta daɗe a haka, ni har na tsorata. Sai da ta faɗa sannan ta sake ni. Ta ce in na gaya wa wani ba ta yafe ba. To yanzu kam ta tafi, kuma kai ba wani ba ne."

Munzali bai san yadda suka yi sallama ba. Rana ta yi ƙasa, masu kayan miya suna ta ja da rumfuna, ladan na gyara lasifika a masallacin kasuwa. Ya ɗauko kaset ɗin ya saka a rediyon da aka gyara, ya tura shi gaba, ya tsayar daidai inda hannunsa ya sani. Wannan karon bai ɗaga gilashi ba.

"A gaishe da maigidansa Balarabe. To, ya isa. Kashe abin nan."

Ya danna tsayarwa kafin jitar ta shigo. Ya bar shirun ya yi tsawon da ya saba yi, da kajinsa da lugudensa. Sannan ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi a gaban manya.

"Na'am, Inna," ya ce. "Ina ci."